Ƙarshen da Na Karanta wa Gwaggo

Jikata ta zo hutu daga jami'ar nan ta wajen Rijiyar Zaki, ta same ni a ƙofar ɗaki ina tsintar wake, ta zauna ta miƙe ƙafa, ko ta ce bari in taya ki. Waya ce a hannunta kamar kullum. Can sai ta ce, "Hajiya, Baba ya ce wai a da ke gwanar karanta littattafan labari ce. Faɗa min sunayen waɗanda kika fi so, in dubo su a intanet yanzun nan." Na ce, "Ke da ba ki iya raba wake da tsakuwa ba, ina ke ina littattafan manya?" Ta yi dariya ta ce, "Tsohuwa ke nan. Kin manta ne kawai, ki faɗi gaskiya." Ban manta ba. Abin da ba ta sani ba shi ne littattafan da na fi so ba su da suna, domin kafin su iso hannuna bangonsu ya daɗe da tafiya.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan ina amarya, in ka tsaya a bakin zaure da damina ba abin da za ka hango sai gero da dawa har inda idonka ya gaji, da gidaje a warwatse cikin gonaki, kowane da kukarsa ko ɗorawarsa. Ba mu yi nisa da juna ba. In ana daka a maƙwabta kana jin luguden, har ka faɗi wadda ke riƙe da taɓarya. Yanzu an yanka gonakin an yi filaye, bulo ya hau bulo, manyan motocin da ke zuwa Dawanau ɗaukar hatsi suna girgiza mana bango tun da sassafe, daka kuwa inji ya karɓe. Ba na cikin tsofaffin da ke cewa da ta fi yanzu a komai, don ni na san abin da guga ya yi wa kafaɗata, kuma ba na kewarsa. Amma akwai wani shiru na bayan azahar, lokacin da maza ke gona, awaki sun kwanta, ba ka jin komai sai kukan kurciya, wannan kam ya ɓace. A cikin shirun nan na yi karatuna duka.

Ni kaɗai ce a matan gidan na taɓa zama a aji. Firamare kawai na yi, amma a wurinsu ni malama ce. Gida ne babba, maigidana da 'yan'uwansa maza kowa da sashensa, mu facaloli muna haɗuwa a tsakar gida. In kaka ta yi aka shigo da gyaɗa, sai a baza tabarmi a inuwar rumbu, a zube ta a tsakiya a hau ɓara. Ni ba na ɓara. Tun farko aka yi yarjejeniya, ni in karanta musu, su su ɓare har da rabona. Babbar facalarmu takan kama hannuna ta ɗaga sama ta ce, "Ku dubi hannun 'yar boko, don Allah, kamar ba ta taɓa ganin taɓarya ba." In ce, "To bari in ajiye littafin in taya ku." Sai ka ji sun haɗa baki, "A'a, a'a, zauna, ina muka tsaya jiya?" Ban taɓa jin kunyar wannan ciniki ba, don maƙogwaro ma aiki yake yi.

Littattafan ta kan darni suke zuwa. Wani ɗan makaranta ya gama da nasa ya yar, mai ƙosai ta tsinta za ta yi naɗi da shi, wata ta gani ta ce kai, bari a kai wa amaryar gidan su wane. Kafin ya iso ni ba bango, wani lokaci ba shafin farko, sai mu raɗa masa suna da kamanninsa. Akwai wanda muke kira Mai Warin Kalanzir, don fitila ta taɓa tuntsurewa a kansa. Labarin wani mai haƙar rijiya ne da ya yi wa garuruwa da yawa rijiya mai ruwan daɗi, amma a garinsu duk inda ya sa diga sai dutse, matarsa na tafiya rafi mutane na yi mata dariya. Ban san sau nawa na karanta shi ba. Har yau in na ga mutumin da ke amfanar kowa ban da gidansa, shi nake tunawa, kuma na rage saurin zagin irinsu, domin marubucin ya nuna mana yadda abin ke cin mutumin a rai alhali ba wanda zai gaya wa. Akwai kuma Cin Gara, wanda gara ta huda tun daga farko har ƙarshe, sai in zo tsakiyar kalma in tarar da rami in cike da ka. Wa da ƙane ne suka yi shekaru ba sa magana a kan ɗorawa guda da ta fito a iyakar gonakinsu. Ranar da na karanta inda hadari ya kayar da ɗorawar kowa ya rasa, facalolina biyu da ke gaba a kan wata kaza suka kalli juna suka tuntsire da dariya, gabar ta mutu a nan.

Waɗannan biyun na ce wa jikata in ta dace da su ta karanta. Na san na yanzu sun fi su ado. Ta taɓa karanta min ɗaya daga wayarta, kowa a ciki ɗan mai kuɗi ne, daga bene sai mota, ban ji inda aka ɗora tukunya ba har ta gaji. Mutanen nawa littattafan suna jin yunwa, ƙaya na soke su, suna yin kuskure irin wanda ni ma zan iya yi. Na kuma ce mata in za ta karanta, ta karanta a bayyane, da mutane a gefenta suna aiki, don a haka ne za ta ji inda labari ke da nauyi. In hannaye suka tsaya da ɓara, to an zo wurin.

Amma wanda ya fi zama a raina shi ne wanda muke kira Na Gwaggo.

Gwaggo yayar mahaifin maigidana ce. Mijinta ya rasu ta dawo gidan da aka haife ta, aka ba ta ɗaki kusa da rumbu. 'Yar siririyar tsohuwa ce mai faɗa, mazari ba ya barin hannunta. Ba ta zama cikinmu wajen ɓarar gyaɗa, sai dai ta zauna a bakin ƙofarta tana kaɗi ta ba mu rabin baya, tana cewa karatun nan nawa ƙarya ce aka sa wa tawada. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, kuma shi ne ɗan farinta. Ya yi makaranta, ya bi wata motar gyaɗa zuwa kudu neman aiki shekaru kafin a kawo ni, tun daga nan ba wasiƙa ba saƙo. Yaran yanzu ba za su gane nauyin wannan ba, su da uwa ke kiran ɗan farinta a waya da sunansa gatsau, har tana tambayarsa ko ya ci abinci. A lokacinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace. Saboda haka Gwaggo ba ta da bakin tambaya. In direbobi suka dawo daga kudu, maza suka taru a zaure ana cigiyarsa, ita sai ta shige ɗaki ta saki asabari. Ban taɓa jin ta ce ko da "yaron nan" ba.

Wata rana bayan azahar na fito da Cin Gara zan fara, sai ta wurgo min wani littafi daga inda take, ya faɗo cikin ɓawon gyaɗa. Ta ce, "Ungo, 'yar boko. Na gaji da jin rigimar ɗorawa. A ƙarƙashin adudu na tsince shi." Shi ma ba bango. Labarin wani saurayi ne mai awon gyaɗa a kasuwar ƙauye, mahaifinsa ya rasu sai uwarsa, ya ga zaman ba ya kai shi ko'ina, ya hau mota ya nufi kudu. Marubucin gwani ne, Allah ya sani. Ya bi da mu tasha-tasha, ya nuna mana yaron yana dako, yana kwana a rumfar kasuwa, yana koyon yaren mutanen can suna yi masa dariya. Akwai ƙullin daddawa da uwarsa ta ba shi ranar tafiya, ba ya miya da ita, sai dai in kewa ta dame shi ya kwance ya sansana ya mayar. Kwana huɗu muna kan littafin nan. Ba wadda ta faɗi abin da kowa ke tunani. Ni dai na lura mazarin Gwaggo ya rage gudu, kuma ta daina ba mu baya.

A rana ta biyar muka kai inda wani babban ɗan kasuwa ya ɗauke shi aiki, har ya fara damƙa masa makullin shago. Na juya shafi sai na ga babu komai. Jimlar ma ba ta ƙare ba. An yage sauran, ga guntayen takarda nan maƙale a jikin zaren ɗinki. Na buɗe baki zan ce sauran ya ɓata, kamar yadda na sha faɗa a kan wasu littattafan, sai na ɗaga kai. Mazarin ya tsaya cak. Gwaggo na kallona. Ta ce, "Ci gaba mana. Shi yaron na littafi, ya dawo?" A nan na gane cewa wannan ce tambayar da ta yi shekaru ba ta da ikon yi, yau ta sami yaron da ba nata ba da za ta tambaya a kansa ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Tausayinta ya kama ni. Sai na sunkuyar da kai, na koma wani shafi na tsakiya, na sa yatsa a kan layi, na fara ƙarya.

Na ce ya dawo da damina, lokacin da dawa ta yi tsayi ta rufe hanyoyi. Mota ta sauke shi a bakin titi, ya shiga gonaki ya ɓata, domin ko'ina kore ne kuma gidaje sun ƙaru. Yana cikin yawo sai ya ji daka daga nesa. Ya tsaya ya saurara, ya gane luguden uwarsa, don ita kaɗai ke buga taɓarya sau biyu a gefen turmi kafin ta cilla ta sama. Ya bi sautin har gida. Bai zo da dukiya ba, sabulu sanda biyu ne da gishiri da baƙin mayafi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, uwar ta amsa ba ta ɗaga kai ba, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Na ce nan littafin ya ƙare. Luguden Gwaggo ne na sata na ba uwar littafi, da gangan. Facalolina na ta share hawaye da bakin zane. Gwaggo ta ɗauki mazarinta ta ce, "To, ya kyauta." Sai ta miƙo hannu in ba ta littafinta.

Na ɗauka shi ke nan, ashe aiki na ɗora wa kaina. Duk kaka sai ta wurgo min shi, kuma daga baya ba ta ma son farkon, ƙarshen kawai take so. Dole na haddace ƙaryata kalma-kalma, don tsohuwar nan ba ta mantuwa. Wata rana na yi suɓul da baka, ta ce, "Bara sabulu sanda biyu ne, bana ya haihu ya zama uku?" Na ce idona ne ya tsallake layi, Gwaggo. Ta ce, "To ki riƙa buɗe shi da kyau." Aka yi dariya, ban da ni. Tsorona ɗaya ne, kada ta gane babu wannan ƙarshen a takarda. Ta yarda da shi ne don a rubuce yake, wani mai ilimi a wani gari ya ce irin waɗannan yaran suna dawowa. In ta san daga kan amaryar gidanta ya fito, na ƙwace mata abu ɗaya da take jingina da shi, kuma ba ni da wani da zan ba ta.

Saura kaɗan asirina ya tonu shekarar da ƙanen maigidana ya yi aure. Amaryarsa ta yi sakandare, ta fi ni karatu nesa ba kusa ba, ga ta da zuciya ɗaya. Ina cikin kawo yaro ta cikin dawa sai ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yaya, ai shafin da kike kallo inda yake dako ne a tasha. A ina kike ganin dawa?" Kafin in sami abin cewa Gwaggo ta taso mata, "Ke, wa ya sa da ke? Jiya-jiya aka kawo ki har kin fara gyara wa manya karatu? Tashi ki ba awakina ruwa!" Yarinya ta tashi sum-sum. Daga baya na ja ta gefe na gaya mata komai, ta yi kuka ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, kuma ba ta faɗa ba. Na yi ta godiya ga Allah da ya yi Gwaggo mafaɗaciya, ina ganin sa'a ce ta fisshe ni.

Shekaru suka wuce, na haifi nawa ɗan farin, na san yadda suna ke tsayawa a maƙogwaro. Ɗan Gwaggo bai dawo ba. Ta tsufa ƙwarai, mazari ya gagare ta, daga baya tashi ma ya gagara. Wata damina, dawa ta kai tsayin mutum, ta aiko a kira ni bayan la'asar. Na same ta kwance, ta zama 'yar mitsitsiya a kan gado. Ta ce in jawo adudunta in kwashe zannuwan. A can ƙasa ga littafin, a ƙarƙashinsa wata tsohuwar hular namiji a ninke. Ta ce in buɗe. A cikin hular akwai takardu a naɗe sun yi ja, gefensu a yage. Ina ganin rubutun na gane shi. Na tsaya riƙe da su kamar wadda aka kama da hannu cikin tukunya.

Ta ce, "'Yar boko, kin daɗe kina yi min ƙarya. Allah ya yi miki albarka."

Na ce, "Gwaggo, ke kika yage?"

Ta ce, "Wa zai yage in ba ni ba? Littafinsa ne. Kin san ba ya zama da ni. Sai ya zo bayan ɗakin nan, saitin taga, ya zauna yana karantawa da ƙarfi, wai kansa yake yi wa. Ni ina ciki ina kaɗi. Na ji shi duka. Yaron nan na littafi bai mutu ba, da ya mutu ai da sauƙi. Arziki ya yi, ya auri 'yar maigidansa. Wani mutumin garinsu ya gan shi ya ce uwarka na nan da rai, shi kuwa ya ce bai san garin ba." Ta mayar da numfashi, sannan ta ce, "Da mai karatun ya kai nan, sai na ji ya rufe littafin ya ce, Allah ya kiyaye, ni kam ba zan yi haka ba. Da bango yake magana, amma na san da wa yake. Da aka shekara biyu ba labari, sai na ɗauko. Ban san inda mugun abin ya fara ba, na damƙi abin da hannuna ya kama na yage."

Na ce, "To me ya sa kika ba ni in karanta, kin san ba ƙarshe?"

Ta ce, "So nake in ji ko wani zai dawo min da shi."

Daga baya na karanta shafukan nan, kuma kamar yadda ta faɗa haka yake. Suna nan a wurina, cikin hular. Ban ji haushin marubucin ba, don bai yi ƙarya ba, akwai irin waɗannan 'ya'yan, kuma ya rubuta abin yadda duk ɗan da ya karanta zai ji tsoron zama haka. Shi ya sa na ce wa jikata, in duk ta rasa sauran, ta nemo wannan, mai awon gyaɗa da ƙullin daddawarsa, ta karanta shi har inda mai shi ya ajiye alƙalami, ta kuma ba 'yan'uwanta maza. Ta ce sai na ba ta suna, na ce ba ni da shi, ta je ta tambayi tsofaffin malaman makarantarsu.

A ranar dai ban karanta komai ba. Na mayar da takardun cikin hula, ina kuka ba na ɓoyewa. Gwaggo ta ce, "Kukan ya isa haka. Karanta min."

Na ce, "Wanne, Gwaggo?"

Ta ce, "Naki mana. Ajiye littafin, ba wanda za ki ruɗa. Amma yau ki cire sunan yaron littafi ki sa nasa. Ai kin san shi."

Na san shi, a bakin maza na ji. Na gyara zama a gefen gadon na fara, hannuna ba komai. Na sauke shi daga mota da sunansa, na shigar da shi cikin dawa ya ɓata, na tsayar da shi ya saurari lugude. Duk inda na kama sunan sai in ga leɓenta ya motsa, amma ba sauti. Na ba shi sabulunsa sanda biyu da gishiri da baƙin mayafi. Na kawo shi bakin ƙofa, na yi sallama da muryarsa. Kafin in kai inda uwar ke cewa a kawo wa baƙo ruwa, sai Gwaggo ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, ta buɗe ido.

Ta ce, "Wa alaikas salam. Shigo. Ka daɗe."